Ƙafar Hamra

A kasuwar Gadarif, layin masu gadaje, babu wanda bai san Usta Sharu, gwanin sassaƙa, ba, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce ya yi kuskure. Angarib yake yi, gadon katakon nan da ake saƙa tsakiyarsa da igiya, sai dai shi da ƙiri yake saƙa nasa, wato ɗanyar fatar shanu da ake yankawa siri-siri. Sai ya jiƙa ta ta kwana a ruwa ta yi laushi, ya saƙa ta a jiƙe, ya jingine gadon a rana. Tana bushewa tana tsukewa, har ta kai in ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji tana amsawa kamar ganga. Gadon Sharu sai dai katakon ya gaji, ɗaurin ba ya saki. Wannan gaskiya ne, kuma da ma ya bar mutane su riƙa faɗa da bakinsu. Amma ina, kafin ka yaba ya riga ka.

Ƙanwarsa Ummuhani ita kaɗai ta rage masa a 'yan ɗakinsu. Tana shekara bakwai iyayensu suka rasu, shi ya riƙe ta, shi ya aurar da ita, kuma da mijin ya rasu bai bar ta da ɗa ba, shi ya kafa mata ɗaki a bayan gidansa ya zagaye mata da dannin kara. Yanzu ta ba hamsin baya, amma har gobe in yana magana ba ta ɗaga ido. Abin da mijin ya bar mata saniya ce guda ɗaya, ja, irin shanun Butana, ana ce mata Hamra. Nononta take ci da shi, da ita take hira in gidan ya yi shiru. Sau huɗu Hamra tana haihuwa, duk maza, duk an sayar. Yanzu ta tsufa, ga ta da ciki, kuma kowa ya san da wuya ta sake wani bayan wannan. Ummuhani ba ta roƙon Allah komai a shekarar sai maraƙa mace, wadda za ta tsaya a turken uwarta.

Ƙasar Gadarif baƙar laka ce. Da rani takan tsage, tsagar da hannun mutum zai shige har kafaɗa. Wata ranar Laraba da la'asar, shanun unguwa na dawowa daga kiwo, ƙafar Hamra ta baya ta hagu ta faɗa ɗaya daga cikin tsagogin nan, garken kuma na turo ta daga baya. Ƙafar ta karye a ƙasa da gwiwa, ƙashi ya fito waje. Da ƙyar maza shida suka kawo ta gida a kan amalanke. Saura wata uku ta haihu.

Kafin a aika masa, Jatau mahauci ya iso da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Maƙwabci ne, kuma sa'an Sharu, tun suna yara suke tsokanar juna ba su taɓa gajiya ba.

"Ummuhani, ma'alesh, sai haƙuri," in ji shi. "Saniya in ta karye haka, yanka ne kawai. A yi tun tana da lafiyarta, kada ta zama mushe a yi asara biyu."

Ummuhani ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a kan cikin saniyar, inda ɗan yake motsi, hawaye na bin fuskarta.

Sharu ya aika aka kira Daktor Kassim, likitan dabbobi, ɗan unguwarsu ne da ya yi karatu a Hartum. Ya duba ya daɗe, sannan ya miƙe yana goge hannu.

"Wannan ba ta ɗoruwa, Usta. Yankewa zan iya yi, in ɗinke, ciwon ya warke. Amma saniya mai tsohon ciki a kan ƙafa uku ba za ta kai ba. Nauyi zai kwantar da ita, kuma in ta kwanta, halas, shi ke nan, ba ta tashi." Sai ya ƙara da cewa, "A makaranta an taɓa nuna mana hoton wadda aka yi wa ƙafar roba a ƙasar waje, tana tsaye tana cin ciyawa. Sai dai mu nan ba mu da mai yi."

Da ya san Sharu da kyau da bai ƙara wannan jimlar ta ƙarshe ba.

"Ba ku da mai yi?" in ji Sharu. "Ya zol, bawan Allah, shekara talatin da biyar ina sassaƙa ƙafafu, kowane gado huɗu. Ka yanke, ka bar mini sauran. Jatau, mai da wuƙarka gida." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ummu, share hawayenki. Saniyarki za ta haihu a tsaye."

"To, Yaya," ta ce.

A ba shi haƙƙinsa, Sharu ya yi aiki. Daktor ya yanke ƙafar. Mako huɗu da dungun ya ɗauka yana warkewa, Hamra na rataye rabin jiki a cikin buhun da suka ɗaura wa sandunan rumfa, shi kuma ya ajiye gadajen mutane gefe. Ya gwada icen bagaruwa ya ga ya yi nauyi, ya koma gawo. Ya auna lafiyayyar ƙafar da zare, ya sassaƙa, ya ƙwaƙule saman kamar ƙaramin turmi inda dungun zai zauna, ya shimfiɗa auduga da fatar rago mai gashi a ciki. A ƙasa ya buga guntun tayar lori a madadin kofato. Sau uku yana jefar da abin da ya yi, ya soma daga farko. Matarsa ta ce ko gadon aurensu bai ba shi wannan wahalar ba.

Ranar da za a sa, Daktor Kassim ya zo da kansa da faffaɗan maɗauri na saƙar auduga, mai laushi. Ya naɗa shi, ya zura yatsu biyu tsakanin maɗaurin da fatar saniyar, ya nuna musu.

"Kun ga wannan? Yatsu biyu, kullum. Kuma kowace yamma a kwance, a cire ƙafar, a wanke dungun da ruwan gishiri, a bar shi ya sha iska. Mutum in takalmi ya matse shi zai faɗa. Ita ba za ta faɗa ba."

Sharu ya ce, "Tamam, na ji," amma hankalinsa na kan ƙafar. Ummuhani ce ta maimaita maganar a hankali don ta zauna mata.

Aka sassauta buhun. Hamra ta tsaya tana rawar jiki, ta ɗaga katakon ta girgiza shi kamar za ta kori ƙuda, ta sauke. Ta ɗora nauyi kaɗan. Ta ƙara. Sai ga ta ta taka ɗaya, biyu, uku, ta nufi kwandon dusa. Ummuhani ta rufe baki da mayafi tana dariya tana kuka, matan maƙwabta suka ɗauki guɗa. Kafin mako ya zagayo, direbobin lori da ke zuwa daga Doka sukan tsaya su leƙo dannin su ga saniya mai ƙafar gado. Sharu kuwa ya dawo kasuwa yana tafiya a hankali don a samu damar tare shi a tambaye shi. Kowace yamma Ummuhani na kwancewa, tana wankewa, tana auna yatsu biyu, cikin Hamra kuma na ƙara sauka.

Sai damina ta faɗi. Wanda bai san lakar Gadarif da damina ba zai ce ana ƙara gishiri, amma takan cire wa mutum takalmi ta riƙe, takan tsayar da lori kwana uku a wuri ɗaya. Wata safiya bayan ruwa Hamra ta fita bakin ƙofa, ta taka, ta ɗago, sai dungu kawai ya fito. Ƙafar ta tsaya cak a cikin laka ita kaɗai, a tsakiyar hanya, maɗaurin audugar ya jiƙe ya saki. Saniyar ta durƙushe, amma ba ta ji ciwo ba, aka tashe ta. Da a ce ba wanda ya gani, da magana ta ƙare a nan. Sai dai Jatau na wucewa zai tafi mayanka.

Kafin azahar labari ya gama layin gadaje da layin mahauta. Sharu na zaune yana fere katako Jatau ya tsaya a kansa, yana magana da ƙarfi don na nesa su amfana.

"Usta, na ga ka dasa ƙafa a hanya yau. In ta tsiro ka ajiye mini iri. Ashe ɗaurin Sharu ma yana saki?"

Aka kwashe da dariya har da masu shayi. Sharu ya ci gaba da fere katakonsa, kunnuwansa sun yi zafi. Ba shi ya yi ɗaurin ba, na Daktor ne, amma wa zai tsaya jin wannan? Ƙafar tasa ce, kuma ita aka gani a tsaye a laka.

Washegari lori zai kai shi Gedambaliya da gadaje goma sha biyu, na sansanin leburorin da suka zo noman dawa. Tun da asuba ya shiga wajen ƙanwarsa da kwano a hannu, ƙiri na jiƙe a ciki tun jiya. Ya kwance maɗaurin audugar ya jefa shi kan danni. Ya zaunar da dungun a cikin katakon, ya soma naɗa ƙirin, yana ja, yana sarƙewa, yana komawa ta ƙasa, irin saƙar da hannunsa ya sani ko da ido a rufe. Ya ƙulla ƙullin da ba a ganin bakinsa. Har ya zura yatsu biyu, suka shiga sumul, domin fatar a jiƙe take, laushi gare ta kamar tsumma.

"Yaya," in ji Ummuhani a hankali, "Daktor ya ce a riƙa cirewa da yamma."

"Daktor ya san allura, ni na san ɗauri. Nasa ne ya sa aka yi mana dariya a kasuwa. Kwana biyu kawai zan yi. Kada kowa ya taɓa wannan sai na dawo, ko shi Daktor ɗin, balle wancan mahaucin. Kin ji ko?"

"Na ji, Yaya."

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne, babu mutum a Gadarif kaf da ya fi Sharu sanin halin ƙiri. Shi ne yake koya wa mutane. Amma a safiyar nan ba saniya yake gani ba, dariyar Jatau yake ji, hannunsa kuma ya yi abin da ya saba yi wa katako.

Sun isa Gedambaliya lafiya, aka sauke gadaje. Ranar da za su juyo ruwa ya sauka irin na ƙin ƙarawa, hanya ta zama kunu, direba ya ce ko an ba shi garin kyauta ba ya motsa lori. Kwana biyu suka zama huɗu. Sharu bai damu ba. Ya samu masu sauraro sababbi, waɗanda ba su taɓa jin labarin saniya mai ƙafar gawo ba, ya ba su shi da safe ya sake ba su da yamma. Don kada hannunsa ya zauna banza, ya karɓi wani tsohon gado na mai gadin sansanin ya sake masa saƙa, ya jingine shi kusa da murhun masu dafa abinci don ya bushe da wuri.

A rana ta biyar da hantsi ya je duba shi. Ya ƙwanƙwasa, gadon ya amsa. Ya yi murmushi, ya kira mai gadin ya zo ya ga aiki. Ya nuna masa gefen katakon, inda ƙirin ya bushe ya nutse a cikin icen har ya yi masa zane.

"Ka gani? Bagaruwa ce fa wannan, amma dubi yadda ya ci ta. Ko allura ba ta shiga tsakani."

Yana faɗa yana ƙoƙarin zura yatsa don ya nuna, yatsan ya ƙi shiga. Sai ya tsaya da hannunsa a wurin. Mai gadin na ta yabo, Sharu bai ji ko kalma ɗaya ba. Ya tuna cewa da damina Ummuhani kan hura wutar kashin shanu a rumfar Hamra dare da rana, don hayaƙin ya kori ƙudaje, kuma saniyar kan tsaya dab da wutar. Ya zauna a ƙasa a cikin laka ba tare da ya sani ba.

"Usta, lafiya?"

"Akwai abin da zai tafi Gadarif yau?"

Babu. Ya cire takalmansa ya rataya a wuya, ya kama hanya da ƙafa, mutum mai shekara sittin da 'yan kai. Laka na kama shi har ƙwauri, yana fizga yana istigfari. Ya kwana a wata rugar makiyaya, da gari ya waye wata tarakta ta ɗauke shi rabin abin da ya rage. Duk tsawon hanyar abu ɗaya yake roƙo, Allah ya sa Ummuhani ta saɓa masa. Bai taɓa roƙon wannan ba a rayuwarsa. Yana cewa a ransa, ai tana da ido, za ta gani, za ta sa wuƙa. Kuma a can ƙasan zuciyarsa ya san wadda ya rena.

Ya shiga gidan bayan azahar, a rana ta shida. Tun daga ƙofa warin ya tare shi. Hamra na kwance a gefe ɗaya a ƙarƙashin rumfa, wuyanta a miƙe, numfashi na fita da ƙyar. Cinyar ta kumbura ta yi biyun ɗayar, ƙirin ya nutse a cikin naman har ba a ganinsa sai ƙullin. Ummuhani na zaune ta ɗora kan saniyar a cinyarta tana kore mata ƙuda da mafici. Ta rame a kwana shidan nan kamar ita ce mai ciwon. Jatau na tsugune a bakin danni, kuma yau babu wasa a fuskarsa.

"Sannu da hanya, Yaya," in ji ta.

Sharu ya miƙa wa Jatau hannu, Jatau ya ba shi wuƙa. Sai da ya danna da ƙarfinsa duka kafin ƙirin ya tsinke, zagaye ɗaya bayan ɗaya. Da ya zare katakon, abin da ke ciki ya riga ya yi baƙi, ya ruɓe. Ya kau da kai.

"Ina Daktor?"

"Ya tafi rigakafi wajen Ƙala'at an-Nahal tun ranar da ka tafi," in ji Jatau. "Ruwa ya tsare shi shi ma. Ni tun rana ta uku na ga ta daina cin abinci, na zo da wuƙa na ce a yanke igiyar nan. Na dawo rana ta huɗu. Wallahi har rantsuwa na yi mata cewa ni zan ɗauki laifin."

Sharu ya juya ya dubi ƙanwarsa. Muryarsa ta fito da faɗa, domin bai san wata hanyar fitar da ita ba.

"Ummu, ba ki ga tana kumbura ba? Ba ki ji wari ba? Me ya hana ki yankewa?"

Ta ɗago ido ta dube shi, abin da ba ta saba ba. Babu fushi a ciki, kuma da ma akwai, da ya fi masa sauƙi.

"Na gani, Yaya. Na ɗauki wuƙa sau biyu na ajiye. Ka ce kada kowa ya taɓa. Na ce ƙila akwai abin da ka sani wanda ni ban sani ba. Kullum ina cewa yau za ka dawo."

Shekara arba'in da wani abu yana koya mata cewa maganarsa ba a tsallake ta, yana jin daɗi in mutane sun ce ƙanwar Sharu akwai biyayya. Ga shi ta koya, ta riƙe da kyau, kuma bai ga wanda zai ɗora wa laifi ba duk iya dubawarsa. Nadama ta kama shi irin wadda bai taɓa sani ba.

Jatau ya matso ya taɓa hancin saniyar, ya ɗaga fatar idonta.

"Ba za ta kai magariba ba. Naman ba ya ciwuwa, zazzaɓi ya gama shi. Amma saura kwana nawa ta haihu?"

"Goma sha biyu," in ji Ummuhani. "Ko sha uku."

"In na yanka na buɗe da sauri, wani lokaci akan samu ɗan da rai. Ban yi alkawari ba. Yaushe kika ji motsinsa?"

"Jiya da safe."

Jatau ya dubi Sharu, don shi ne babba a gidan, shi ake jira ya ce a yi. A karo na farko Sharu ya ce, "Ita za ka tambaya. Saniyarta ce."

Ummuhani ta zame cinyarta a hankali, ta ajiye kan Hamra a ƙasa, ta shafa goshin sau ɗaya. "A yi," ta ce, ta koma bakin ɗakinta ta tsaya ta ba su baya.

Suka juya saniyar ta fuskanci alƙibla. Sharu ya danne kafaɗar, Jatau ya yi bismilla ya yanka, bai jira ta gama shure-shure ba ya tsaga cikin, ya zura hannu biyu ya jawo. Maraƙa ce, mace, ja kamar uwarta, ta cika halitta har gashin ido. Sharu ya cire rawaninsa ya share mata hanci, ya murza ƙirjinta, ya ɗaga ta ta ƙafafun baya ya girgiza, ya kwantar ya hura mata iska da bakinsa. Ya yi ta yi har Jatau ya dafa shi.

"Usta, bari. Ta riga mu tun jiya."

Ummuhani ta dawo ta tsaya a kansu. Ta daɗe tana kallon maraƙar.

"Mace ce," ta ce.

"Mace ce," in ji Jatau.

"Alhamdulillahi ala kulli halin."

Aka kira amalanke don a kai gawar bayan gari a binne. Kafin ya zo, Jatau ya feɗe fatar Hamra kamar yadda aka saba, tunda an yanka ta, fatar kuma ba abin da ya same ta sai wajen cinyar nan. Sharu na tsugune inda yake, rawaninsa a jiƙe a hannu, yana haɗa kalmomin neman gafara a bakinsa yana rasa ta inda ake farawa, domin bai taɓa faɗa wa na ƙasa da shi irinsu ba. Jatau ya ninke fatar gida huɗu ya ɗago ta.

"Ummuhani, wannan fa? In kai miki majema?"

"A'a," ta ce, tana tattara kwanon dusa da igiyar turke. "Ba wa Yaya. Shi ne mai aiki da ita, kada ta lalace a banza."

Ba gatse take yi ba, Sharu ya sani, da zuciya ɗaya ta faɗa. Jatau ya miƙo masa, ya rasa yadda zai ce a'a. Ya karɓa da hannu biyu, har lokacin da sauran ɗuminta.